Sarauniya Amina ta Zazzau: kallabi tsakanin rawuna

Da wuya a sami ɗan makaranta a arewacin Nijeriya da bai taɓa jin sunan Sarauniya Amina ta Zazzau ba. An sa wa makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai sunanta, an buga hotonta a kan sarki na gidan waya, an kuma shirya wasannin kwaikwayo da fina-finai a kanta.

To sai dai duk wanda ya buɗe jerin sunayen sarakunan Haɓe na Zazzau, su 60, tun daga Gunguma har zuwa Makau, ba zai ga sunanta a ciki ba.

Wannan giɓi shi ne ya daɗe yana ɗaukar hankalin masana tarihi. Ta yaya macen da aka ce Kano da Katsina sun biya ta haraji za ta ɓace daga lissafin gidan sarautar da ta fito? Amsar tana cikin tsofaffin takardu da suka ambace ta, da kuma irin yadda masu rubuta tarihi ke yi da mutumin da ya tsaya a wurin da al'ada ba ta tanadar wa jinsinsa ba.

Shaidu biyu na farko

Rubutu mafi daɗewa da aka sani wanda ya kawo labarin Amina shi ne littafin Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, wanda ya kammala a shekarar 1812, shekaru biyar kafin ya zama Sarkin Musulmi.

A babin da ya yi bayanin ƙasashen Hausa bakwai, Bello ya lissafa labarinta cikin abubuwan al'ajabi da suka auku a waɗannan ƙasashe. Ya kira ta ɗiyar Sarkin Zazzau, ya kuma nuna cewa ita ce ta fara haɗa su ƙarƙashin iko guda, bisa ga abin da aka ba shi labari. A bayaninsa, ta yaƙe su ta rinjaye su har mutanen Katsina da na Kano suka riƙa kai mata haraji, sa'annan ta juya kan garuruwan ƙasar Bauchi har mulkinta ya kai bakin babban ruwa ta kudu da yamma. Ya ƙare da cewa ta rasu a wani wuri da ake kira Atagara.

Ta hannun Bello ne ma sunanta ya fara isa Turai. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya ziyarce shi a Sakkwato a 1824, ya koma gida da wani yanki na littafin, aka fassara shi aka buga a London a 1826 cikin labarin tafiyarsa.

Shaida ta biyu ita ce littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, kuma masana da dama ke ganin an haɗa shi ne a ƙarshen ƙarni na 19 daga tsofaffin ruwayoyin fada. H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, daga baya kuma ya fito da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930.

Marubucin ya sako labarin Amina ne a tsakiyar bayanin zamanin Sarkin Kano Dauda Baƙon Damisa. Ya nuna cewa a lokacin ne Zazzau, ƙarƙashin Amina, ta ci garuruwa har zuwa Kwararrafa da Nufe, kowane gari yana kai mata gaisuwa. Sarkin Nufe ya aika mata da babanni 40, wato bayi maza da aka dandaƙe don tsaron cikin gida, da kuma goro 10,000. Ita ce, in ji littafin, ta fara mallakar babanni da goro a ƙasar Hausa, a zamaninta ne kayayyakin yamma suka shigo, kuma yaƙe-yaƙenta sun ɗauki shekaru 34.

Abin lura shi ne, duka marubutan biyu malamai ne Musulmi, kuma babu ɗayansu ɗan Zazzau. Kano ma abokiyar gabar Zazzau ce a wancan zamani, ba ta da wata riba a kambama sarauniyar maƙwabta. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa masana ke ɗaukar Amina a matsayin mutum da ta rayu da gaske.

Haka kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya yi maganar kamanninta, ko tufafinta, ko ƙuruciyarta, ko aurenta. Sun ambace ta ne kamar yadda suke ambatar kowane sarki mayaƙi: ƙasashen da aka ci, harajin da aka karɓa, da shekarun da aka yi.

Wane ƙarni ta rayu?

Tarihin Kano bai kawo shekarun hijira ko na miladiyya ga sarakunan farko ba, tsawon mulkin kowane sarki kawai ya bayar. Palmer ne ya yi lissafi da baya-baya ya sa zamanin Dauda tsakanin 1421 da 1438. In aka bi wannan, Amina mutumiyar ƙarni na 15 ce.

Akwai abin da ke ƙarfafa wannan ra'ayi a cikin littafin kansa. Ya kawo cewa Kanajeji, mahaifin Dauda, ya kai yaƙi Zazzau har ya sauka a Turunku aka kore shi, sa'annan ya sake komawa ya yi nasara, ya kashe Sarkin Zazzau. Ke nan Amina ta bayyana ne a daidai lokacin da ƙasarta ke farfaɗowa daga mummunan kaye, ba ta da sarki tsayayye, tana neman wanda zai ɗaga ta.

Amma ruwayar Zazzau ta sha bamban. A can ana cewa Amina ɗiyar Bakwa Turunku ce, wato mai lamba 22 a jerin sarakuna, wanda lissafin da E. J. Arnett da sauran jami'an mulkin mallaka suka buga ya sa hawansa a 1536. Bisa ga wannan ruwaya an haife ta wajen 1533, ta karɓi mulki a 1576 bayan rasuwar ɗan'uwanta Karama, ta rasu wajen 1610. Waɗannan su ne shekarun da aka fi koyarwa a makarantu.

Tsakanin lissafin biyu akwai tazarar shekaru kusan 150. Ban da haka, shekarun da ake ba ta a ƙarni na 16 ba a bar su fayau a jerin ba: bayan Karama, sunan Kafo ne ya biyo, sai wasu sarakuna maza a bayansa.

Shi kuwa Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya yi bayanin ƙasashen Zazzau da Zamfara a littafinsa da aka buga a Venice a 1550, bai kuwa ambaci wata sarauniya ba. Masu ra'ayin ƙarni na 16 na cewa ai lokacin ba ta riga ta taso ba. Masu ra'ayin ƙarni na 15 kuma na cewa daularta ta riga ta watse kafin zamaninsa.

Hatta Bakwa Turunku ba a daidaita a kan jinsinsa ba. Wasu ruwayoyi sun ce sarauniya ce, mahaifiyar Amina da ƙanwarta Zariya wadda aka sa wa birnin sunanta. Wasu kuma sun ce sarki ne, mahaifinsu. Jerin sarakuna suna ne kawai da adadin shekaru, ba ya ɗauke da lamirin da zai nuna mace ko namiji, don haka mai kwafa yakan ɗauka duk sunan da ya gani a ciki na namiji ne.

Ƙuruciya a bakin masu ba da labari

Kusan duk abin da jama'a suka sani game da tasowar Amina ya fito ne daga labaran baka da aka rubuta a ƙarni na 20. Daga cikin littattafan da suka yaɗa su akwai wani ɗan littafin Hausa mai suna Amina, Sarauniyar Zazzau, wanda aka buga a Zariya a 1954, da kuma littafin S. J. Hogben da A. H. M. Kirk-Greene kan masarautun arewacin Nijeriya na 1966.

A cewar waɗannan labarai, ta taso ne a gaban kakanta Sarki Nohir, wanda yakan ɗauke ta zuwa zaman fada tun tana ƙarama. A nan ta riƙa sauraron shari'a da shawarar yaƙi, alhali tsararrakinta suna cikin gida wajen kaɗi da daka.

Da ta kai shekara 16, bayan Bakwa ya hau gado, sai aka naɗa ta Magajiya. Wannan sarauta ce ta mata da aka sani a ƙasar Hausa tun da daɗewa, mai riƙe da ita tana da kujera a fada, da bayi, da garuruwan da ke ƙarƙashinta.

Daga nan manema suka yi ta zuwa. An ce Makama ya riƙa aiko da bayi goma kowace rana, Sarkin Kano kuma ya aiko da bayi maza 50, da mata 50, da ƙunshin tufafi 50, amma duk ta ƙi. Maimakon ɗakin miji sai ta zaɓi horon yaƙi tare da barade, har ta zama jagorar mahaya dawaki a zamanin Karama, wanda aka ce sarki ne mai son yaƙi. Da ya rasu, babu wanda ya kai ta ƙarfi a cikin mayaƙa, don haka mulki ya faɗo hannunta, ta kuma fita da runduna ta mutum 20,000 cikin watanni uku da hawanta.

Waɗannan labarai an rubuta su ne shekaru fiye da 300 bayan lokacin da aka ce ta rasu, kuma adadin da ke cikinsu irin na masu ba da labari ne. Duk da haka suna da amfaninsu, domin suna nuna tambayar da ta dami mutanen baya. Kowane sashe na labarin ƙoƙari ne na bayyana yadda aka yi mace ta kai ga riƙe linzamin yaƙi: kaka ne ya saba mata da fada, ƙin aure ne ya raba ta da hukuncin miji, barade ne suka ɗaga ta. Kirarin da ake yi mata ma yana auna ta ne da maza.

Goro, ganuwa da hanyoyin fatauci

In aka ajiye ƙawar labari aka dubi taswira, yaƙe-yaƙen da aka jingina wa Amina suna da ma'ana guda. Zazzau ita ce ƙasar Hausa ta can kudu, ƙofar da ake bi a isa ƙasashen Gwari, Nufe da kwarin Binuwai. Daga kudu ake samo bayi da goro da ƙarafa, daga arewa kuma dawaki da gishiri da kanwa da tufafi. Wanda ya riƙe wannan ƙofa yana iya sa Kano da Katsina su nemi sulhu da shi.

Batun goron Nufe ma ba tatsuniya ba ce. Yankin Laboji na ƙasar Nufe ya shahara da goro mai kyau, har Hausawa suka san shi da ɗan Laboji, goron sarakuna. Tarihin Kano ya kuma nuna cewa a zamanin Abdullahi Burja, wanda ya gaji Dauda, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, cibiyar cinikin goro da ke arewacin Ghana a yau. Babanni kuwa sun ƙara samun matsayi a fadar Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, lokacin da aka fara ba su manyan sarautu. Duk waɗannan sun dace da hoton wani zamani da ƙasar Hausa ke buɗe ƙofofinta ga kudu da yamma.

Babban ruwan da Bello ya ce mulkinta ya kai, masana na ganin kogin Kwara ne da mahaɗarsa da Binuwai, domin kalmar Larabci da ake kiran teku da ita ana kiran manyan koguna da ita ma.

Abin da ya fi dawwamar da sunanta a ƙasa shi ne ganuwa. Al'ada ta ce duk inda ta yada zango sai ta kewaye wurin da katangar ƙasa, shi ya sa a wurare da yawa ake kiran tsohuwar ganuwa da ganuwar Amina. Kufan Turunku da ke ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, da ganuwar da ta kewaye dutsen Kufena kusa da Zariya, suna cikin wuraren da aka fi dangantawa da gidansu.

Binciken masu haƙar kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970, musamman na J. E. G. Sutton, ya nuna cewa ganuwowin Zariya da Kufena ba aikin zamani guda ba ne, an yi ta ginawa ana faɗaɗawa. Sunan Amina ya zama inuwar da aka tara aikin tsararraki da yawa a ƙarƙashinta. Haka ma sulke da kwalkwali da ake cewa ita ta kawo, Tarihin Kano ya jingina shigowarsu Kano ga Kanajeji.

Labarin da ya fi yawo

Akwai wata ruwaya da ta fi kowace yaɗuwa, wadda ke cewa a duk garin da Amina ta ci takan zaɓi namiji guda ta kwana da shi, da gari ya waye ta sa a kashe shi don kada ya ba da labari.

Babu wannan magana a Infaƙul Maisuri, babu ita a Tarihin Kano. Bello malami ne da bai saba rufa wa sarakunan Haɓe asiri ba, littafinsa ma cike yake da sukar zaluncinsu, amma bai jingina wa Amina irin wannan aiki ba.

Masu nazarin adabin baka sun san wannan zubi a wasu ƙasashe. Marubucin Girka Diodorus ya ba da kusan irinsa game da Samiramis, sarauniyar Babila. An kuma faɗi makamancinsa game da Njinga, sarauniyar Ndongo da Matamba a Angola ta yau, wadda ta rasu a 1663, kuma mafi yawan labarinta ya zo ne ta hannun limaman mishan da 'yan mulkin mallakar Portugal da ta yi shekaru tana yaƙa. Mai karatun Hausa kuma zai tuna da sarkin da ke farkon Dare Dubu da Ɗaya, mai kashe amaryarsa kowace safiya, sai dai a labarin Amina an juya matsayin mace da namiji.

Irin wannan labari yakan manne wa macen da ta yi mulki ba tare da miji a kanta ba. Yana faɗin abin da ke zukatan masu ba da shi fiye da abin da ya faru a sansanin yaƙi.

Ba ita kaɗai ba ce

Mulkin mace ba baƙon abu ba ne a tsohuwar ƙasar Hausa. Daura ta adana jerin sarauniyoyi tun daga Kufuru, cikinsu har da Daurama. A Gobir akwai Inna, wadda ikonta ke kusa da na sarki, kuma malfa na cikin alamun sarautarta. Wannan malfar ce Nana Asma'u, ƙanwar Bello, ta riƙa naɗa wa jajis, shugabannin 'yan taru masu koyar da mata a ƙauyuka. A Kumbwada ta jihar Neja an san sarautar garin a hannun mata, kuma ruwayar garin na danganta asalinta da wata gimbiya daga Zazzau.

A Zamfara kuma akwai 'Yargoje, wadda ruwayar ƙasar ke lissafawa cikin masu mulkin farko na zamanin Dutsi, kafin a kafa Birnin Zamfara. Ana danganta ta da dajin Kuyambana, ana kuma ambaton wata fitila da ke ɗauke da sunanta. Bambancinta da Amina shi ne, ruwayar Zamfara ta bar ta a cikin lissafin masu mulki, ta Zazzau kuwa ta bar Amina a waje.

Masana sun kawo bayanai biyu kan wannan. Na farko, mai yiwuwa ba a taɓa naɗa ta Sarkin Zazzau ba, ta yi iko ne a matsayin Magajiya ko Sarauniya mai runduna, yayin da wani namiji ke riƙe da sunan sarauta a gida. Na biyu, mai yiwuwa ta yi sarautar, amma masu kiyaye jerin suka tsallake ta, domin jerin sarakuna hujja ce ta gado. Gidaje ne ke riƙe da sunan kakanninsu don 'ya'yansu su sami damar neman gadon sarauta. Macen da ba ta yi aure ba, ba ta bar ɗa ba, ba ta da gidan da zai tsaya mata.

Ita kanta fadar da za ta fi sanin gaskiyar lamarin ta tarwatse. A 1808 Malam Musa ya ci Zariya da tutar Shehu, Sarki Makau ya fice da jama'arsa zuwa kudu, daga baya ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda aka mayar da sunansa Suleja bayan an ba sabon babban birnin tarayya sunan Abuja. A can ne sarautun mata irin su Sarauniya da Iya suka ci gaba, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a littafinsa na 1960 kan mulkin Zazzau. Tarihin wannan gida kuwa sai a tsakiyar ƙarni na 20 Alhaji Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta shi, aka fassara shi zuwa Turanci a 1952.

In aka kwatanta da wasu ƙasashe za a ga girman abin da aka rasa. Raziya, wadda ta mulki Delhi daga 1236 zuwa 1240, an buga sunanta a kan kuɗi, kuma malamin zamaninta Juzjani ya rubuta yadda ta ajiye lulluɓi ta sa riga da hular maza, ta hau giwa ta fito bainar jama'a. Jeanne d'Arc ta Faransa, wadda aka ƙona a Rouen a 1431, wato cikin shekarun da lissafin Palmer ya ba Amina, an san maganganunta ne daga takardun kotun da ta hukunta ta, inda sa tufafin maza ya kasance cikin manyan tuhume-tuhume. Sau da yawa mutanen da suka ƙetare iyakar da aka shata wa jinsinsu ta hannun alƙalai ko abokan gaba ake samun labarinsu. Amina ba ta bar kuɗi ko wasiƙa ko takardar kotu ba.

Takardun da iska ta kwashe

Tarihin yankin Gusau da Tsafe ya nuna yadda irin waɗannan shaidu ke salwanta. Garin 'Yandoto, da ke ƙaramar hukumar Tsafe a jihar Zamfara, ya yi ƙarnoni yana cikin manyan cibiyoyin ilimi na ƙasar Katsina, malamai na zuwa daga nesa don karatu a cikinsa. Alamar wannan tsohuwar dangantaka tana nan a sunayen sarautu: Sarkin Katsinan Gusau da kuma 'Yandoton Tsafe.

Malaman 'Yandoto da dama ba su goyi bayan jihadi ba, kuma wajen 1806 rundunar Muhammadu Bello ta ci garin. Daga baya, da Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno ya zargi masu jihadi da wulaƙanta littattafai, Bello ya ba shi amsa a cikin Infaƙul Maisuri. Ya bayyana cewa a wani gari na Katsina da suka ci ya ga iska na kwasar takardu, ya yi ta tsinta har ya gaji, ya tara jama'a ya tsawata musu, aka shaida masa cewa rigimar ganima ce ta jawo haka. Masana da dama na ganin 'Yandoto yake nufi.

Littafin da ya adana sunan Amina shi ne kuma ya adana labarin takardun da suka watse. Garuruwan malamai irin wannan su ne wuraren da ake ajiye jerin sarakuna da wasiƙu da bayanan yaƙe-yaƙe na ƙasashen Hausa kafin jihadi.

Abin da ya tsira yana warwatse ne a Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, da hukumar adana tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Jami'ar Ahmadu Bello, da kuma gafakokin gidajen malamai. Sauran yana cikin ƙasa, a tsofaffin mazaunai na gindin duwatsu irin su Turunku da Kufena, da Kwatarkwashi a ƙaramar hukumar Bungudu. Matsalar 'yan bindiga da ta addabi Zamfara tun daga wajen 2011 ta sa isa wurare irin su Kuyambana ya yi wa masu bincike wuya, ta kuma raba dattawa masu riƙe da ruwayoyi da garuruwansu.

Rasuwarta da abin da ta bari

Bello bai faɗi yadda Amina ta rasu ba, wurin kawai ya ambata. Masu bincike da yawa na danganta Atagara da yankin Idah na ƙasar Igala, a jihar Kogi ta yau, kusa da mahaɗar Kwara da Binuwai. In haka ne, ta rasu ne nesa da gida, a can iyakar ƙasashen da ta ci. A wannan garin na Idah ne, ƙarnoni bayan haka, Attah na Igala ya naɗa wata mace 'yar ƙabilar Ibo, Ahebi Ugbabe, sarautar da maza ke riƙewa. Ta rasu a 1948, kuma masaniyar tarihi Nwando Achebe ta tono labarinta daga takardun kotunan mulkin mallaka da bakin dattawa, ta buga shi a 2011.

Daular Amina ba ta daɗe a bayanta ba. Kwararrafa, wadda aka ce ta ci, ita ce ta dawo ta addabi Kano da Katsina a ƙarni na 17, Zazzau kuma daga baya ta shiga cikin masu kai gaisuwa Barno.

Sunanta ya sake tashi ne bayan samun 'yancin kai, lokacin da Nijeriya ke neman gwaraza daga tarihinta. A 1975, shekarar mata ta duniya, aka fitar da kan sarki mai hotonta. An kafa mutum-mutuminta bisa doki da takobi a harabar babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Legas. An sa sunanta ga kwalejin 'yan mata a Kaduna, da ɗakunan kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Legas. A 2021 kamfanin Netflix ya nuna fim ɗin Izu Ojukwu mai ɗauke da sunanta. Fuskar da ke cikin duk waɗannan hotuna ƙirƙirar masu zane ce ta ƙarni na 20.

Abin da takardu suka tabbatar game da ita bai wuce 'yan layuka ba: ɗiyar gidan sarautar Zazzau ce, ta jagoranci yaƙi na tsawon shekaru 34, Kano da Katsina da Nufe sun kai mata haraji, ta kuma rasu a Atagara. Malamai biyu na Sakkwato da Kano ne suka rubuta wannan, a zamanin da babu wata mace da ke riƙe da sarautar ƙasa a daular Usmaniyya, kuma ba su ga dalilin ɓoye shi ba.